Laburaren Kyauta a Cikin Manhajar Sayarwa: Yadda Ake Bin Lasisi Mataki-Mataki

Na taɓa shafe watanni ina gina wata manhajar lissafin kaya ta kantin magani da harshen rubuta manhaja na Python. Tana shigar da kayan da aka sauke, tana cire wanda aka sayar, tana gargaɗi idan wa'adin magani ya kusa cika, tana buga rasit. Na sayar wa shaguna uku, kowa sai sam barka. Can sai wani mai rassa da yawa ya nuna yana so, amma ya ce lauyansa yana buƙatar jerin duk kayan wasu da ke cikin manhajar, da lasisin kowanne. Na ɗauka aikin minti goma ne. A wannan daren na gano cewa laburaren (wato kod ɗin wasu da na ɗauko na dasa a nawa) da na gina tagogin manhajar da shi, PyQt, yana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke fitar da rasit a PDF kuma, PyMuPDF, yana ƙarƙashin AGPL. Ma'ana, shaguna ukun nan da na riga na sayar wa suna da haƙƙin neman asalin kod ɗina, ni kuwa ban taɓa sani ba. Babu wanda ya kai ni ƙara. Amma makonni uku na yi ina warware abin da da na duba tun farko, rabin sa'a ya isa.

Wannan jagora ita ce abin da na so a ce wani ya ba ni kafin ranar. Zan riƙa komawa kan manhajar kantin maganin a matsayin misali, don a ga abin a aikace. Idan kuma cinikin babba ne, a nemi lauya ya duba. Jagora ba ta maye gurbinsa.

Mataki na farko: cire kalmar "kyauta" daga ranka

Laburare a nan shi ne kod ɗin da wani ya riga ya rubuta don yin wani aiki guda, kamar zana taga, karanta hoto ko magana da rumbun bayanai, kai kuma ka ɗauko ka dasa a cikin naka. Ganin ka sauke shi ba ka biya ko sisi ba ya sa ake ɗauka ba shi da mai shi. Yana da shi. Kod rubutu ne, kuma haƙƙin mallaka yana hawa kansa tun daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba. Haka abin yake a duk ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne, ciki har da Najeriya da Nijar, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana lissafa manhajar kwamfuta cikin rubuce-rubucen da take karewa.

Lasisi shi ne izinin da mai abu ya ba ka, tare da sharuɗɗansa. Ka cika sharuɗɗan, izini ya tabbata. Ka karya su, ka koma kamar wanda ya kwafi littafin wani yana sayarwa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daga nan wata ƙa'ida ta fito wadda ke ba mutane mamaki: kod ɗin da ka gani a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod, babu fayil ɗin lasisi a tare da shi, shi ne mafi haɗari duka. Rashin lasisi ba sakin hannu ba ne, rashin izini ne. Ko dai ka rubuta wa mai shi ya saka lasisi, ko ka bar masa kayansa.

Mataki na biyu: shin manhajar za ta bar hannunka?

Wannan tambaya ita ce ginshiƙi, domin kusan duk sharuɗɗan lasisin manhajar 'yanci ba sa tashi sai lokacin da ka miƙa wa wani kwafi. Idan ka rubuta manhaja kana amfani da ita a cikin kamfaninka kawai, GPL ba ta neman komai a wurinka, ko da ka yi wa laburaren gyara son ranka.

Miƙawa kuwa ta fi faɗi fiye da yadda ake zato. Saka manhaja a kwamfutar kantin wani miƙawa ce. Ɗora ta a Google Play ko App Store miƙawa ce. Sayar da na'ura mai manhaja a ciki, kamar injin POS ko rauta, miƙawa ce. Hatta kod ɗin JavaScript da shafinka ke turawa zuwa burauzar mai ziyara, kwafi ne ya bar hannunka.

Abin da ke zaune a kan sabarka, mutane suna amfani da shi ta intanet ba tare da sun karɓi kwafi ba, wannan GPL ba ta kai gare shi. Wannan ƙofar ce aka rubuta AGPL a 2007 don a toshe: idan ka gyara manhajar AGPL kuma mutane suna hulɗa da ita ta hanyar sadarwa, dole ka ba su damar samun asalin kod ɗin. Shi ya sa manyan kamfanoni da dama, ciki har da Google, suka hana ma'aikatansu taɓa kod ɗin AGPL ɗungurungum.

Abu biyu da ya kamata a gyara a fahimtar mutane. GPL ba ta hana sayarwa. Kana iya sa kuɗin da ka ga dama. Kuma ba ta ce ka baza kod ɗinka ga duniya ba. Wanda ka miƙa wa manhajar shi ke da haƙƙin neman kod. Matsalar ita ce shi ma yana da 'yancin ya kwafa ya raba wa wanda ya so, ba ka da ikon hana shi. Idan kwangila ce aka ba ka ta gina wa ma'aikata ɗaya manhaja kuma da ma za ka miƙa musu kod, GPL ba za ta dame ka ba. Idan kuma abincinka yana cikin sayar da kwafi ɗaya ga shaguna ɗari, to a nan take cizo.

Mataki na uku: ƙirga duk abin da ke cikin tukunya

Kada ka dogara da abin da ka tuna ka saka. Laburare ɗaya yana jawo goma a bayansa, goman kuma kowanne da nasa. A Python akwai pip-licenses, a Node akwai license-checker, su jero maka sunan kowane laburare da lasisin da ya ambata. Don bincike mai zurfi, ScanCode da FOSSology suna shiga cikin fayiloli ɗaya bayan ɗaya suna neman rubutun lasisi.

Amma kada ka tsaya a kan abin da na'ura ta faɗa. Ita tana karanta tambarin da ke jikin buhu ne, ba ta kwance bakin buhun ba. A watan Maris na 2021 an ga misalin haka ƙarara: wani ƙaramin laburaren Ruby mai suna mimemagic, wanda ke ɗauke da tambarin MIT, ashe akwai fayil ɗin bayanai na GPL a cikinsa. Da aka ankarar da mai kula da shi ya janye tsofaffin fitowar, sai ga manhajojin da aka gina da Rails, tsarin gina shafukan intanet na Ruby, a ko'ina sun kasa harhaɗuwa, alhali yawancin masu su ba su taɓa jin sunan laburaren ba.

Ka buɗe takardar lissafi mai layi biyar: sunan laburare, lambar fitowarsa, lasisinsa, yadda ya shiga manhajarka, da ko ka taɓa kod ɗinsa. Lambar fitowa tana da muhimmanci, don lasisi yana canjawa. iText, laburaren PDF na Java, yana ƙarƙashin MPL da LGPL har zuwa fitowa ta 2.1.7, sannan daga fitowa ta 5 a 2009 ya koma AGPL. Wanda ya sabunta ba tare da ya karanta ba, ya shiga wata yarjejeniya daban bai sani ba.

Kada a manta da abin da ba kod ba: gumaka, sautuka, da salon haruffa. Mai buga rasit da Hausa yana buƙatar haruffan da ke da ƙ da ɗ da ɓ, kuma irin su Noto da Charis SIL suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda a haɗa su cikin manhajar sayarwa muddin an saka rubutun lasisin kuma ba su kaɗai ake sayarwa ba. Haruffan da suka zo da Windows kuwa, kasancewarsu a kwamfutarka bai ba ka izinin kwafe su cikin manhajarka ba.

Mataki na huɗu: raba su gida-gida

Gida na farko shi ne na masu sassauci: MIT, BSD, ISC, zlib, Apache 2.0. Waɗannan sun yarda ka saka kod ɗinsu cikin rufaffiyar manhaja, ka sayar, ba sai ka buɗe naka ba. Abin da suke nema kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin shi aka fi karyawa: ka bar sunan mai haƙƙin mallaka da rubutun lasisin su bi manhajar duk inda ta je. BSD mai sharaɗi uku ta ƙara da cewa kada ka yi talla da sunan marubutan. Apache 2.0, wadda ta fito a 2004, ta ƙara uku: idan akwai fayil mai suna NOTICE ka tafi da shi, idan ka gyara fayil ka rubuta cewa ka gyara, sannan tana ba ka izinin amfani da haƙƙin ƙirƙirar masu gudummawa (wato patent), izinin da zai faɗi idan ka kai ƙara kana cewa laburaren ya taka naka haƙƙin ƙirƙira. SQLite ma ya wuce nan, masu shi sun sallama shi ga jama'a baki ɗaya.

Gida na biyu shi ne na masu cewa "namu ya zauna a buɗe, naka kuwa ruwanka": LGPL, MPL 2.0, EPL. Ana iya amfani da su a rufaffiyar manhaja, amma da aiki. MPL ita ce mafi sauƙi, domin iyakarta fayil ce: fayil ɗin da ya zo da MPL, idan ka gyara shi ka miƙa, ka buɗe gyaran, fayilolinka na kanka ba ruwanta da su. LGPL tana da mataki nata a ƙasa.

Gida na uku shi ne GPL da AGPL, masu cewa yadda ka samu haka za ka miƙa. Idan ka haɗa laburaren GPL da kod ɗinka suka zama manhaja ɗaya, to dukkan manhajar za ta fita ne a ƙarƙashin GPL. Gidauniyar FSF, wadda Richard Stallman ya kafa a 1985 kuma ita ta rubuta lasisin, tana kan cewa kowane irin haɗi aka yi hukuncin ɗaya ne. Akwai lauyoyin da ke jayayya da hakan. Ni dai shawarata, kada ka mai da kasuwancinka wurin gwada wannan jayayya.

A lura da keɓancewa. Wasu kayan GPL suna zuwa da ƙarin izini a rubuce. Harhaɗa kod da GCC, wato manhajar da ke mai da rubutun kod ya zama manhaja mai aiki, ba ya mai da manhajarka ta GPL. OpenJDK yana da keɓancewar Classpath, shi ya sa ake rubuta rufaffun manhajoji da Java hankali kwance. PyInstaller, mai naɗe manhajar Python don a miƙa ta, shi ma GPL ne, amma da keɓancewar da ta yarda a naɗe manhajar sayarwa da shi. Sai ka karanta fayil ɗin lasisin har ƙarshe kafin ka yanke hukunci daga ganin haruffa uku.

Akwai kuma gida na huɗu, na masu kama da buɗaɗɗu alhali ba su ba ne: SSPL da MongoDB ta koma a 2018, BSL da HashiCorp ta koma a 2023, da duk lasisin da ya ce "ban da kasuwanci". Kod ɗin a fili yake, amma izinin a ƙuntace. Kowanne sai an karanta shi shi kaɗai.

Mataki na biyar: abin da za ka yi da na GPL da ka tarar

Hanya huɗu ce. Ka maye gurbinsa, ka sayi lasisin kasuwanci, ka buɗe manhajarka, ko ka raba su su zama manhajoji biyu na gaskiya.

Maye gurbi shi na yi. PyQt na kamfanin Riverbank ne a Ingila, kuma GPL ne ko ka biya. PySide, wanda Nokia ta fito da shi a 2009 bayan ta kasa daidaitawa da Riverbank a kan lasisi, LGPL ne, kuma kiran ayyukansu kusan iri ɗaya ne. Yawancin aikin canja layukan shigo da laburare ne da sunayen sigina. A wurin PyMuPDF na saka ReportLab mai lasisin BSD. Mai amfani da MySQL ya sani cewa mahaɗin da Oracle ke bayarwa GPL ne, kuma keɓancewarsa ta buɗaɗɗun manhajoji ce kawai. PyMySQL na MIT ne, mahaɗin C na MariaDB kuma LGPL.

Sayen lasisi ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa ya fi arha a kan makonnin da za ka ɓata. Kamfanonin da ke fitar da laburare da lasisi biyu da wannan suke ci, kuma suna bibiya. Artifex, mai Ghostscript da MuPDF, ya kai kamfanin Hancom na Koriya ta Kudu ƙara a Amurka a 2016 saboda ya saka Ghostscript cikin manhajar ofis ɗinsa, bai buɗe kod ba, bai kuma sayi lasisi ba. Kotu ta ƙi korar ƙarar a 2017, daga baya suka sasanta. A Faransa, ƙaramin kamfanin Entr'ouvert ya shafe fiye da shekara goma yana shari'a da Orange a kan laburarensa Lasso mai lasisin GPL, har kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta yanke a 2024 cewa Orange ya biya ɗaruruwan dubban yuro.

Rabawa kuwa tana nufin manhajarka ta kira ta GPL a matsayin wata manhaja mai zaman kanta, ta ba ta fayil ta karɓi sakamako, kamar yadda ake kiran FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, daga layin umarni. Wannan karɓaɓɓe ne idan rabuwar ta gaskiya ce. Idan dabara ce kawai, an yanka manhaja ɗaya biyu suna musayar kayan cikinsu, to ba a tsira ba. Kuma ko a rabe, idan kai ka miƙa ta GPL ɗin tare da taka, nauyin ba da kod ɗinta yana wuyanka.

Mataki na shida: cika sharuɗɗan LGPL, inda aikin yake

An fito da LGPL a 1991 tare da GPL ta biyu, domin laburare irin su glibc, babban laburaren harshen C, su samu shiga ko'ina. A 1999 aka canja ma'anar harafin farko daga "ta laburare" zuwa "mai rangwame", aka fitar da 2.1, sannan ta 3 ta zo a 2007. Manufarta guda ce, kuma idan ka riƙe ta sauran sharuɗɗan za su zo maka da sauƙi: wanda ya sayi manhajarka ya iya cire laburaren da ka saka, ya sa wanda ya gyara da kansa, manhajar ta ci gaba da aiki.

Saboda haka yadda ka haɗa yana da tasiri. Akwai haɗin narkewa, inda laburaren ke narkewa cikin fayil ɗin manhajarka su zama dunƙule ɗaya. Akwai haɗin jingina, inda laburaren ke zaune a fayil nasa daban, mai ƙarewa da dll a Windows ko so a Linux da Android, manhajarka tana kiransa idan ta tashi. Da haɗin jingina, sharaɗin musanyawa ya cika da kansa. Da haɗin narkewa, sai ka ba mai saye fayilolin manhajarka da aka harhaɗa amma ba a ɗinke ba, don ya iya sake ɗinkewa da nasa laburaren. Ana yi, amma wahala ce, kuma a harsuna irin su Go da Rust da ke narkar da komai bisa al'ada, LGPL ciwon kai ce.

A manhajar kantin magani, wannan ya sa na daina naɗe komai cikin fayil ɗaya da PyInstaller, na koma fitar da folda. Ka buɗe foldar ka ga Qt6Core.dll da Qt6Widgets.dll zaune a fili. Na gwada da hannuna: na ɗauke su, na zuba na wata fitowa da ta dace, na kunna manhajar, taga ta buɗe. Wannan gwajin na minti biyar ya fi duk wata muhawara.

Sauran abubuwan su ne waɗannan. Ka faɗa a fili cewa manhajar tana amfani da laburaren kuma yana ƙarƙashin LGPL. Ka haɗa da cikakken rubutun lasisin. Idan ta 3 ce, har da rubutun GPL ta 3, domin a kanta aka ɗora ta. Ka tanadi asalin kod na laburaren, daidai fitowar da ka miƙa, tare da duk gyaran da ka yi masa: ko ka haɗa shi a ciki, ko ka ajiye a sabarka, ko ka ba da rubutaccen alkawarin bayarwa da zai yi aƙalla shekara uku. Nuna shafin masu laburaren kawai ba abin dogaro ba ne, don shafi yana ɓacewa, nauyin kuma naka ne.

Sai abin da kusan kowa ke tuntuɓe a kai. Yarjejeniyar mai amfani da muke kwafowa daga intanet kusan kullum tana da layin da ya haramta warware manhaja don gano yadda take aiki. LGPL ta ce dole ka bar wa mai saye damar yin hakan gwargwadon abin da yake buƙata don gyara matsalar laburaren da ya canja. Ka ƙara jimla ɗaya da ta keɓe wannan, in ba haka ba takardarka da kanta ta karya lasisin.

Masu sayar da na'ura suna da ƙarin nauyi. LGPL ta 3 ta ce idan na'urar ta masu amfanin gida ce, ka ba da bayanin yadda za a ɗora gyararren laburaren a kanta. A Jamus wani mai rubuta manhaja ya kai kamfanin AVM mai rautar FRITZ!Box ƙara a Berlin a kan laburaren LGPL 2.1, kuma kafin a rufe shari'ar a 2024 sai da kamfanin ya ba shi rubutun harhaɗawa da ɗorawa da ya nema.

Tarko biyu na musamman. Qt ba duka ne LGPL ba: wasu sassansa, kamar Qt Charts da allon rubutu na kan fuska, GPL ne ko kasuwanci. Na kusa faɗawa nan wajen zana jadawalin ciniki na wata, sai na koma pyqtgraph mai lasisin MIT. FFmpeg shi ma LGPL ne a asali, amma da zarar an harhaɗa shi da zaɓin enable-gpl, misali don a saka x264 mai matse bidiyo, ya zama GPL gaba ɗaya, kuma yawancin kwafin da ake saukewa a shirye haka aka harhaɗa su. Ka duba zaɓuɓɓukan da yake bugawa a farkon layi idan ka kunna shi.

Game da shagon Apple, a yi hattara. A farkon 2011 an cire VLC daga App Store bayan ɗaya daga cikin marubutansa ya yi ƙorafin cewa ƙa'idojin shagon sun ci karo da GPL, kuma bai dawo ba sai 2013, bayan an sauya lasisin injinsa zuwa LGPL, na manhajar iOS ɗin kuma aka ƙara masa MPL. Idan wayar iPhone ce kasuwarka, laburare masu sassauci sun fi kwanciyar hankali.

Mataki na bakwai: shafin godiya

Ka tara sunaye da rubutun lasisin komai a fayil ɗaya, ka sa shi cikin foldar manhajar, ka kuma sa maɓalli a shafin "Game da manhaja" da zai buɗe shi. Flutter yana da showLicensePage da ke yin wannan da kansa, Android kuma yana da abin Gradle na Google mai tattaro lasisi. Ka sa binciken lasisi cikin tsarin harhaɗawarka, yadda duk ranar da sabon laburare mai GPL ko marar lasisi ya shigo, aikin zai tsaya ya faɗa maka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kuma wasiƙar ƙorafi ta riga ta iso, kada ka yi shiru. GPL da LGPL na 3 suna ba wanda ya yi kuskuren farko kwana 30 daga samun sanarwa ya gyara, izininsa ya dawo. Na 2 ba su da wannan a rubuce, izini yana faɗuwa nan take, ko da yake yawancin masu haƙƙi gyara suke nema ba kuɗi ba.

Idan kai ne mai laburaren

Yanzu a juya teburin. A ce ka rubuta ɗan laburare mai mai da adadin kuɗi zuwa kalmomin Hausa, 2,500 ya zama "naira dubu biyu da ɗari biyar", kuma kana so bankuna da masu manhajar rasit su ɗauka. Wane lasisi za ka sa?

Fara da tabbatar da cewa naka ne. Idan a bakin aikin kamfani ka rubuta shi, duba takardar ɗaukarka aiki, don mai yiwuwa haƙƙin nasu ne. Sannan ka tambayi kanka abin da kake so ya faru. Idan burinka ya yaɗu ko'ina, MIT ko Apache 2.0, ni na fi son Apache saboda maganar haƙƙin ƙirƙira, sai dai ba ta jituwa da manhajar da ke kan GPL ta 2 kaɗai. Idan kana so duk wanda ya gyara kuskure a laburaren ya dawo da gyaran, amma ba ka damu da abin da ya gina a kai ba, MPL 2.0 ta fi LGPL sauƙin bi, musamman a waya da harsunan da ke narkar da komai. Idan kana so kamfanoni su biya, GPL ko AGPL tare da lasisin kasuwanci a gefe.

Stallman da kansa ya ɗauki abin a matsayin dabara ce ba aƙida kaɗai ba. A wata maƙala ta 1999 ya ce idan laburare yana da kishiyoyi rufaffu masu yin aiki iri ɗaya, sa masa GPL korar mutane kawai zai yi, shi ya sa glibc ke kan LGPL. Idan kuwa babu kamarsa, GPL za ta jawo wasu su buɗe nasu, kamar yadda laburaren Readline ya sa manhajar CLISP ta koma GPL. Kuma a 2001 ya goyi bayan mayar da laburaren Ogg Vorbis zuwa lasisin BSD, don yaɗuwar tsarin sautin ta fi muhimmanci a lokacin da MP3 ke ɗaure da haƙƙin ƙirƙira.

Lasisi biyu ba ya yiwuwa sai duk haƙƙin yana hannunka. Ranar da ka karɓi gyaran wani ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, wannan yankin nasa ne, ba za ka iya sayar da shi da wani lasisi ba sai da yardarsa. OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, ya fara neman amincewar masu gudummawarsa a 2017 don komawa Apache 2.0, bai fita da sabon lasisin ba sai a fitowa ta 3.0 a 2021. Idan kana da niyyar sayarwa, ka tsara takardar masu gudummawa kafin gyaran farko ya shigo.

Kada ka rubuta lasisin kanka, kada kuma ka ƙara wa sananne wata jimla, ko da ta alheri ce. Douglas Crockford ya ƙara wa lasisin MIT layin da ke cewa a yi amfani da manhajar JSON ɗinsa don alheri ba sharri ba. Da yake babu lauyan da zai iya faɗa wa kamfani iyakar "sharri", Debian, ƙungiyar da ke rarraba Linux, ta ƙi karɓar kod ɗin, gidauniyar Apache ma ta hana shi shiga ayyukanta a 2016.

Aikin hannu kaɗan ne ya rage. Ka sa cikakken rubutun lasisin a fayil mai suna LICENSE a saman foldar aikin. A kan kowane fayil ka sa shekara da sunanka da alamar SPDX, wato gajeren sunan lasisi da aka daidaita, misali SPDX-License-Identifier: MPL-2.0, don na'urorin bincike su gane ba tare da kame-kame ba. Idan dangin GPL ka zaɓa, ka fayyace ko wannan fitowar kaɗai kake nufi ko har da na gaba, wato LGPL-3.0-only ko LGPL-3.0-or-later. Bambancin yana da tasiri: Linux yana kan GPL ta 2 kaɗai, shi ya sa kod ɗin GPL ta 3 ba ya shiga cikinsa. Sannan ka cike gurbin lasisi a pyproject.toml ko package.json da irin wannan alamar, domin abin da pip-licenses zai nuna wa mai duba laburarenka ke nan.